Yadda Ake Gano Gaɓoɓin Babban Lissafi Kafin A Raba Shi

A ce kana tsara motocin da za su kwashi alhazai daga masaukansu a Makka zuwa Mina, amma lissafin ya yi wa kwamfuta nauyi.

Da farko zana jadawali: kowane sharaɗi ya samu layinsa a kwance, kowane adadin da kake nema ya samu nasa a tsaye. Sa alama duk inda sharaɗi ya shafi wani adadi.

Sai ka nemo layukan da suka taɓa kusan kowane masauki, kamar jimillar motocin da ke hannu. A nan nake so ka nutsu sosai, domin su ne igiyar da ta ɗaure komai. Ajiye su gefe.

Duba abin da ya rage. Idan ya rabu gida-gida, kowane masauki da nasa, hanyar Dantzig da Wolfe ta 1960 ce ta dace: a warware kowane gida daban, wani lissafi na tsakiya ya daidaita rabon motoci.

Idan kuwa wata shawara ce ta ɗaure gidajen, kamar motoci nawa za a ɗauko haya tun farko, koma hanyar Benders ta 1962: a fara tsayar da shawarar, sannan a warware kowane gida daban. Manhajar GCG tana gano waɗannan gaɓoɓin da kanta, amma fara gwadawa da hannu a kan masauki uku.