Kurakuran da aka fi yi wajen auna hawan jini a gida

Na'urar awon jini lamba biyu take bayarwa. Ta sama ƙarfin jini ne a cikin jijiya lokacin da ɗakin ƙasa na hagun zuciya ya matse ya tunkuɗa jini zuwa sassan jiki. Ta ƙasa kuwa ƙarfin da ya rage ne sa'ad da zuciya ta saki tana sake cika. Abu kaɗan ke jirkita su, kuma galibi laifin mai awo ne.

Ɗaya daga cikin kurakuran da suka fi yawa shi ne barin hannu yana reto, ko ɗora shi a cinya. Jini yana da nauyi, don haka idan damtse ya yi ƙasa da zuciya da santimita 10, lambar kan ƙaru da kusan 8. A ɗora hannun a kan tebur yadda tsakiyar maɗaurin da ake naɗawa a damtse zai yi daidai da tsakiyar ƙirji, a jingina baya, tafin ƙafa duka biyu a ƙasa, ban da harɗe ƙafafu.

Sai maɗaurin kansa. Idan ya yi wa damtse kaɗan, sai an cika masa iska fiye da kima kafin ya toshe jijiyar, sai lamba ta haura. Mai kaurin hannu ya nemi babba. A naɗa shi a kan fata, santimita 2 zuwa 3 sama da gwiwar hannu, da ɗan sararin da yatsu biyu za su shiga. Nannaɗe hannun riga har ya shaƙe damtse ma ɓata awon yake yi, gara a cire.

Gaggawa ma tana ɓata awo. A yi fitsari tukuna, a zauna shiru minti 5, kuma ban da kofi, taba ko motsa jiki minti 30 kafin awo. Magana a tsakiyar awo tana ɗaga lamba. A auna sau biyu da tazarar minti ɗaya.

Awo ɗaya ba ya yanke hukunci. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ɗaukar 140/90 ko sama da haka a matsayin hawan jini idan an same shi a ranaku biyu daban. Wanda ke shan magani kuma ya ga lamba ta yi kyau, kada ya daina da kansa, maganin ne ya saukar da ita. Amma 180/120 tare da ciwon ƙirji, sarƙewar numfashi, karkacewar baki ko mutuwar ɓarin jiki, wannan sai asibiti nan take.