Fara yoga a ɗaki ɗaya a Legas, da shirin mai son koyarwa

Duk wanda ya kwashe awa biyu cikin motar haya ta danfo daga Agege zuwa Obalende ya san inda gajiya take taruwa: ƙugu, wuya da bayan cinya. Haka ma mai wuni tsaye a kasuwar Mile 12. Yoga, wato motsa jiki na miƙe gaɓoɓi da sarrafa numfashi, wadda ta samo asali daga Indiya, tana warware irin wannan ƙagewar jiki, amma fa sai an riƙe ta kullum. Minti 20 kowace safiya sun fi awa biyu ranar Lahadi kaɗai.

Bayan asuba ya fi dacewa, kafin gari ya ɗau zafi. In an ci abinci mai nauyi, a jira awa biyu zuwa uku. A nemi shimfiɗar roba mai kaurin milimita 4 zuwa 6. Kar a yi a kan tayil ko darduma mai santsi, domin gumin Legas kaɗai ya isa ya zame da hannu, a yi targaɗe.

Da numfashi ake farawa. Zauna, baya a miƙe, tafin hannu a kan cibiya. Ja iska ta hanci kana ƙirga huɗu, ka sake ta kana ƙirga shida, sau goma. Ciki ne zai taso, ba kafaɗu ba. Tsawaita sakin numfashi shi ke saukar da bugun zuciya, kuma wanda ya saba zai ga amfaninsa ranar da kwandasta ya nemi ɓata masa rai.

Daga nan ka durƙusa kamar mai rarrafe, hannuwa daidai ƙarƙashin kafaɗu, gwiwoyi ƙarƙashin ƙugu. Da jan numfashi ka saki ciki ƙasa ka ɗago kai, da sakinsa ka tura baya sama ya yi doro kamar kyanwa, sau takwas. Sai ka kwanta rub da ciki, ka ɗago ƙirji kaɗan, cibiya na ƙasa. A nan ake yawan kuskure: mutum ya miƙe hannuwa gaba ɗaya don ya yi sama sosai, nauyin ya koma kan ƙasan baya, washegari ya tashi da ciwon da ya fi na jiya. Wajen sunkuyawa daga tsaye ma a ɗan lanƙwasa gwiwa. Ba dole sai yatsu sun taɓa ƙasa ba. Jin jijiya tana miƙewa daidai ne, amma zafi mai suka na nufin a dakata. A ƙare da kwanciya rigingine na minti uku.

Mai damuwa da batun addini yana da gaskiyarsa. Ana iya barin furta "Om", sauti mai tsarki a addinin Hindu, da jerin motsin da ake kira gaisuwar rana, a tsaya kan miƙe jiki da numfashi.

Koyarwa kuwa amana ce. Horon awa 200 shi ne matakin farko na rajista da Yoga Alliance ta Amurka, ƙungiyar da ke yi wa malaman yoga rajista, kuma kallon YouTube ba ya maye gurbinsa. A fara da mutum shida zuwa takwas don ido ya kai kan kowa. Mata da yawa sun fi sakewa in mace ce ke koyar da su, a aji nasu daban. Kafin a shimfiɗa komai, a tambayi kowa ko yana da hawan jini, juna biyu ko tiyata ta kwanan nan. Mai hawan jini kar a sa shi yanayin da kai zai yi ƙasa da zuciya, mai ciki kuma kar ta kwanta a kan cikinta. Kar a kai hannu gyara wa ɗalibi tsayuwa sai an nemi izininsa.