Yadda Sabon Ɗalibin Makarantar Tauhidi Zai Rubuta Takardar Bincikensa Ta Farko

Yawancin waɗanda ke shiga makarantar tauhidi daga ikilisiyoyin karkarar Kano da Jigawa sun riga sun iya wa'azi. Abin da ke ba su wuya shi ne takardar bincike. Wa'azi kiran zuciya yake yi, ita kuwa takarda tambaya ɗaya take amsawa da hujja, kuma a kowane layi malami na iya cewa, "A ina ka samo wannan?"

Fara da rage batun. "Talauci a Littafi Mai Tsarki" ba zai shiga shafi 5 ba. Wanda ya ɗauko shi zai tara ayoyi barkatai ba tare da ya ce komai ba. Mayar da shi tambaya: me dokar kala, wato tsintar ragowar amfanin gona bayan girbi, ta tanadar wa gwauruwa da baƙo, kuma yaya Bo'aza, mai gonar da Rut ta yi kala a ciki, ya bi ta a Littafin Rut sura 2? Yanzu ka san inda gonarka ta tsaya.

Kada ka buɗe littafin sharhi tukuna. Karanta surar aƙalla sau biyar, da Hausa da Turanci, da biro a hannu. Tun 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, an kuma sake fassara shi bayan haka, saboda haka in ka sami tsohuwar fassara a wurin wani dattijo, ka jera ta da sabuwa. Inda suka bambanta, wataƙila akwai kalmar Ibrananci, harshen da aka rubuta Littafin Rut da shi, da ya kamata ka bincika. Rubuta wa ya yi magana, wa ya yi shiru, wace kalma ce ke maimaituwa. Sannan ka bi dokar zuwa tushenta a Littafin Firistoci 19:9-10 da Maimaitawar Shari'a 24:19-21. Nan za ka ga abin mamaki da idonka: doka ta ce a bar gefen gona da abin da ya zube, amma a Rut 2:15-16 Bo'aza ya umarci ma'aikatansa su zaro wa Rut daga dammunan da gangan. Ya wuce abin da doka ta nema. Wannan ganowar taka ce, ita ce kuma ƙashin bayan takardar. Wanda ya fara da sharhi, idon marubucin zai ara, nasa ba zai taɓa buɗewa ba.

Ɗan ƙauye yana da riba a nan. Wanda ya tashi yana ganin mata da yara suna bin gonar gyaɗa da ƙwarya bayan an gama cira, suna tona ragowar, ya san zafin rana da sunkuyon da Rut ta sha fiye da wanda ya karanta a littafi kawai. Amma a yi hattara. Sha'ir da alkama ake girba a Baitalami, inda Rut ta yi kala, ba gero da dawa ba, kuma girbin sha'ir a can wajen watan Afrilu yake farawa, ba da kaka ba. Al'adarmu ta taimaka maka yin tambaya, amma nassin ne zai ba da amsa.

Daga nan sai laburare. Don takardar farko, sharhi ɗaya ko biyu, ƙamus na Littafi Mai Tsarki ɗaya da muƙala ɗaya sun isa. Saƙon WhatsApp ko rubutun Facebook marar sunan marubuci ba hujja ba ne, komai daɗinsa.

A wajen ɗaukar bayani ne aka fi yin asara. Ware littafin rubutu guda don wannan aiki kaɗai. Kafin ka kwafi ko kalma ɗaya, rubuta a saman shafin sunan marubuci, sunan littafi, garin da aka buga, kamfanin ɗab'i da shekara. Lambar shafi ta tafi a gefen kowane bayani. Kalmomin marubuci daidai ka sa su cikin alamar zance, abin da ka taƙaita ka sa masa T, tunaninka kuma N, wato nawa. Bayan mako biyu ba za ka iya tuna wace jimla ce taka ba, kuma ta haka ne ɗalibi mai gaskiya ke faɗawa satar rubutu bai sani ba. In hoto kake ɗauka da waya, fara da shafin suna da bayansa. Ka kuma kwafe muhimman abubuwa a takarda, don caji na iya ƙarewa a daren da ka fi bukatarsa. Hirar da ka yi da dattawan ikilisiya ita ma hujja ce, muddin ka nemi izininsu ka rubuta suna, gari da rana.

In an ce kalmomi 1,500, ka ba gabatarwa kamar 150, kammalawa 150, sauran na jikin takarda ne. Kowane sakin layi ya ɗauki magana ɗaya da ayar da ta tsaya a kai. Gabatarwa a ƙarshe ake rubuta ta, bayan ka san abin da ka faɗa. Idan da Turanci za a miƙa, tsara tunaninka da Hausa, amma kada ka fassara kalma da kalma. Yi gajerun jimloli da kalmomin da ka tabbata da ma'anarsu. Makarantun tauhidi da yawa tsarin Turabian, wata ƙa'idar nuna inda ka samo bayani, suke bi wajen bayanin ƙasan shafi, amma tambayi malaminka tun ranar farko.

Ajiye takardar kwana biyu, sannan ka karanta ta da ƙarfi ga abokin ɗakinka. Inda ya ce "ban gane ba", nan ne gyara yake. Idan kuma a shagon kwamfuta na cikin gari aka buga maka, kada ka baro wurin sai ka buɗe Littafi Mai Tsarki ka duba kowace lambar aya ɗaya bayan ɗaya, domin mai bugawa cikin sauri kan mayar da 2:16 ta koma 2:61, kuma sura 2 ta Rut ayoyi 23 kawai gare ta.