Gujon ya karye cikin kulas? Dakata kahin ka ɗauko estrakta

Shekaranjiya wani ƙanena ɗan kabu-kabu ya turo mini hoto a WhatsApp, gujon ɗin (bulon marar kai mai zare gehe biyu) da ke riƙe salansar motonsa Kasea ya karye daidai da bakin kulas, wato kan injin, ko tsinin da hwarce zai kama babu, shina tambaya wai yaya ina ake saida estrakta, ƙarhen hidda karyayyen bulon, cikin Maradi. Na ce mai akwai ta wajen masu kayan garaji a babbar kasuwa, amma tsaya tukuna, yaya anka yi ya karye? Ya ce kwancewa yake ya ƙi, ya sa ma kile bututu ya hau da ƙahwa, sai ya ji ƙas. Na ce to kar ka sayi komi sai ka zo.

Ga dalili. Bulon mai kauri milimita 8 ya ƙi motsi har ya gwammace ya tsinke, kai kuma za ka huda shi ka sa wani siririn ƙarhe da bai wuce milimita 4 ba ka ce shi zai murɗo shi? Ai abin da ya gagari babba ba ƙarami zai iya mai ba. Estrakta tana aiki lahiya lau in bulon ya karye ne garin ɗauri, wato an matse shi ya wuce kima kai ya hita, ko girgiza ta tsinka shi, irin wannan da zarar kan ya tahi sauran guntun sakwaf yake cikin rami, wani lokaci ma da ponci da guduma kaɗai kana bugun gehe kaɗan-kaɗan sai ka ga ya biyo ka. Amma wanda tsatsa ta kama, musamman na salansa da na manihol (bututun da ke kwaso hayaƙi daga kulas) da ke shan wuta kullum su huce su sake sha, wannan sai ka hwara kashe tsatsar, in ba haka ba wahala biyu za ka saya da kuɗinka.

Ga wanda bai san ta ba, estrakta wani ɗan ƙarhe ne mai tsini kamar karas, zarenta na hagu ne, kana murɗa ta wajen da ake kwance noti ita kuma tana ƙara nutsewa tana cizon bulon daga ciki har ta jawo shi. Masu Faransanci na ce mata wutsiyar alade saboda murɗewarta. Akwai kuma mai kusurwa huɗu wadda ake bugawa da guduma ta shige, ni ita na hi so don mai murɗin nan in ka matsa tana buɗa guntun bulon daga ciki kamar an sa weji, ya ƙara kamewa da bango. Duk su biyun ƙarhe ne da anka ƙona ya yi tauri ƙwarai, kuma abu mai tauri irin haka ba ya lanƙwasa, karyewa yake kamar kwalba ba gargaɗi.

To in guntun ya ɗan leƙo waje ko da rabin yatsa ne, ka gode Allah ka manta da huda. In akwai sauran zare a kai sa noti biyu, ka ɗaure su da juna sosai sannan ka kama na ƙasa da kile ka kwance. In zaren ya cinye, ka goge gehe biyu da magagari su yi lebur ka kama da filaya mai kulle. Akwai ma wata estrakta ta gujon mai kamar soket, da ƴan ƙarahuna ciki da ke damƙe shi in ka murɗa, wannan ba ta buƙatar rami ko kaɗan. In kuma kan bulon na nan amma ya zama ƙwallo saboda an yi ta sa mai kile 13 alhali 12 ne (motocin Japan irin su Toyota bulon M8, wato mai kauri milimita 8, kansa 12 ne, na Turai su ne 13, yara da yawa nan suke cinye kai), akwai soket mai haƙora ciki da ake bugawa a kai.

Kahin duk wannan dai, a jiƙa. Ka kankare wurin da buroshin waya, ka hesa WD-40 ko wani man sassauta tsatsa, in babu ko gazwal ka ɗiga, sannan ka ɗora ponci a tsakiyar guntun ka ba shi guduma sau biyar shida, ba bugun hushi ba, girgizar ce ke tsattsaga tsatsa mai ya samu hanya. Ka tahi ka yi salla ka sha shayi ka dawo ka ƙara. In aikin ba na gaggawa ba ne ya kwana a haka. Masu motofom na Jiratawa da ke kawo muna injin da ya shekara cikin laka, da yawa kwana ɗaya cikin mai shi ne rabin aikin.

Sai wuta. Kulas na moto da na motoci da yawa alminiyam ne, kuma alminiyam in ya ji zahi shina buɗewa kusan ninki biyu na ƙarhen bulon, don haka gehen ramin za ka gasa, ramin ya saki. Amma hattara, alminiyam ba ya yin ja ya gaya maka ya isa, shina nan da kalarsa har wajen digiri 660 sai kawai ka ga ya zube kamar kitse. Ka riƙa yawo da wutar, in ka ɗiga ruwa ya yi tsalle ya ɓace nan take to ya isa. Ka cire tiyon isansi da wayoyi da duk wata roba da ke kusa, kuma kar ka hesa mai kan wuta tana ci.

Yanzu hudar, nan ne aikin yake gaba ɗaya. Wurin da bulon ya karye ba ya zama daidai, kullum akwai tudu da gangare, in ka ɗora meshi, wato tsinken injin huda, haka zai zame ya tahi gehe ya shiga alminiyam mai laushi, ya bar maka bulon a tsaye ya ɓata maka zaren kulas. In akwai hali goge saman ya kwanta. Ɗauko ponci mai tsini ka sa a tsakiya, ka buga a hankali sau ɗaya ka duba, ka duba ta sama ka duba ta gehe, in ya kauce ka karkata poncin ka koro alamar zuwa tsakiya, sai ka gamsu sannan ka ba shi bugu mai kyau. Minti biyar da ka ɓata nan ya hi maka yini guda wajen mai tur, injin sassaƙa ƙarhe. Hwara da ƙaramin meshi, milimita 3 ga bulon M8, injin na juyawa a hankali kana dannawa daidai kana ɗiga mai, in ka ga garin ƙarhe na hitowa a nannaɗe to shina ci, in hayaƙi kake gani da ƙara to ƙona meshin kake, kuma ƙarhen na ƙara tauri. Bulon da anka rubuta 8.8 a kansa (lambar ƙarhinsa kenan) ba shi da wuyar huda, 10.9 da 12.9 kam sai meshi mai kyau irin na kobal, na arha da ake zubawa a tire ba ya ko jin ƙanshinsu.

Ramin estrakta kamar rabin kaurin bulon ne, kuma akwatin yakan zo da lambar meshin da ya dace da kowace. Ka auna zurhin ramin maƙwabcinsa da tsinke ka naɗa salatif a meshi daidai nan, don bayan wasu ramukan kulas hanyar ruwa ce, in ka zarce ka huda ta to labari ya canza. In ka samu ka ratsa guntun har ƙasansa, za ka ji meshi ya hwaɗa wani ɗan hili, tsaya nan, ka ɗura mai ta ramin ya jiƙa zaren ta baya. Wanda kuma ya samu meshin hagu, wanda ke ci in injin na juyawa baya, ya riƙe shi da kyau, sau da yawa kana cikin huda zahi da murɗi za su sa guntun ya kwanto da kansa ya biyo meshin.

Sa estrakta, ba ta ɗan bugu ta zauna, ka kama ta da mariƙin taf (ƙarhen yanka zare cikin rami) mai hannu biyu, ba kile mai gehe ɗaya ba, don kile na jan ta gehe kuma jan gehe shi ke karya ta. Injin huda kuwa kar ma ka soma. Murɗa a hankali da yatsu da tahin hannu, in ka ji guntun ya ɗan motsa to alhamdu lillahi, ƙara mai, ci gaba. In ka ji ita estraktar ce ke murɗewa kamar tana da roba a jiki guntun kuma ko gezau, saki. Cire ta, koma wuta da mai.

Ni na ƙi saki wata rana, ina yaron garaji lokacin. Hilux ce ta wani Alhaji mai ɗaukar kaya zuwa Dan Isa, gujon na manihol na can ƙarshe wajen bango, maigida ya tahi jana'iza ya ce in jiƙa in jira shi. Alhaji na tsaye a kaina shina duba agogo, ni kuma ina son a ce na iya. Na huda, ramin ma ya ɗan karkace, na sa estrakta na kama da kile 10 na ja, na ji tana murɗewa na ce bari in ƙara kaɗan. Ƙas. Ta karye daidai da baki, tana ƙyalli a tsakiyar gujon kamar idon kihi. Na ƙona meshi ukku a kanta ko ƙwarzane ba su yi ba. Da maigida ya dawo ya leƙa ya daɗe bai ce komi ba, sannan ya ce, kai yaro, da gujon ɗaya gare mu yanzu ka haihwa muna na biyu. Ya juya ya ce Alhaji a yi haƙuri sai gobe. Sai da munka sauke kulas ɗin gaba ɗaya.

Abin da ya hisshe mu ranar shi ne walda, kuma har yau in akwai wutar Nigelec ko janareta kusa ita nake hwara tunani kahin estrakta. Ana ɗora wasa, wato zoben ƙarhen da ake sawa ƙasan noti, mai rami daidai da guntun a ɗiga walda ta haɗe su, sannan a ɗora noti babba a kai a cika cikinsa da walda. Waldar ƙarhe ba ta kama alminiyam, ga shi zahin na shiga gujon kai tsaye ya ƙone tsatsar. A bari jan ya ɓace ya huce, sannan a kama da kile ana gaba ana baya kaɗan-kaɗan. Notin zai iya ɓallewa sau biyu sau ukku, a sake, kowane zagaye ƙara sassauta shi yake. A cire kan batir kahin a kunna walda, musamman motocin yanzu masu kwamfuta, kuma a maƙala wayar mas, wato wayar injin walda da ake kamawa jikin ƙarhe, kusa da wurin aikin.

In duk sun ƙi, sai a cinye guntun da meshi. Nan ne ramin da ke tsakiya ke biyan ka: kana ƙara girma kaɗan-kaɗan har 5 ga M6, 6.8 ga M8 mai zare 1.25, 8.5 ga M10 mai zare 1.5, abin da zai rage siririn ɓawo ne kwance cikin zaren, ka tsince shi da tsinin waya ka bi da taf ka share. In zaren ya riga ya mutu a sa Helicoil, wani zare ne na waya kamar sifirin da ke maido da ramin girmansa na da, ya hi a buɗa ramin a cusa bulon ƙato da bai dace ba.

Shi ƙanen nawa ya turo moton da sahe. Mun jiƙa, mun gasa, mai walda na gehenmu ya ɗora noti, na hwarko ya ɓalle, na biyu ya yi ƙiii ya motsa. Sabon gujon na shahwa mai giris mai jan ƙarhe a zare kahin in ɗaura, na kuma amshe bututun nan da yake sa ma kile na aje bayan kanta, don M8 mai 8.8 ɗaurinsa bai wuce wajen 25 Nm ba (Nm awon ƙarhin ɗauri ne), M6 kuma wajen 10, hannu ɗaya da gajeren kile ya ishe shi.