Shawara ga masu shirin WAEC da NECO: fitar da rut daga ƙasa

Salamu alaikum ƙannena na Ringim, Taura da ƙauyukan kewaye. Idan amsarku ta fito da sukwaya rut (√) a lambar ƙasa, wato wadda ke ƙarƙashin layin rabawa, kada ku bar ta haka, domin sau da yawa ba za ku gan ta cikin zaɓin da aka bayar ba, alhali lissafinku daidai ne.

Mai sauƙin ita ce irin 6/√3. Ku ninka sama da ƙasa da √3, ku sami 6√3/3, wato 2√3. Shi ke nan.

Inda ake tuntuɓe shi ne idan ƙasan abu biyu ne, kamar 4/(√5 − 1). Nan √5 kaɗai ba zai fitar da ku ba. Ku nemo kishiyarsa, wato lambobin nan dai amma an juya alamar tsakiya: √5 + 1. In kun ninka sama da ƙasa da ita, a ƙasan tsakiyar lissafin tana cinye kanta, ƙasa ta koma 5 − 1, wato 4. Sama kuma 4(√5 + 1) ce. Huɗu ta kashe huɗu, amsa √5 + 1. Don Allah kada ku yi gaggawar buɗe baka ta sama, ku bari ku ga ko wani abu zai soke tukuna.

Duk abin da kuka yi wa ƙasa, sama ma a yi mata, in ba haka ba kun canza lambar.

Amfaninsa ga mara kalkuleta kuwa: raba 1 da 1.414 (wato kimanin √2) wahala ce, amma 1/√2 daidai yake da √2/2, rabin 1.414 kuma 0.707 ne, ko a kan hanyar gona ka lissafa shi da ka.