Yadda ake haɗa tsinken gwajin kansar hanta da ƙwayoyin zinare

Duk wanda aka taɓa yi wa gwajin maleriya na tsinke ai ya ga ƙwayoyin zinare da idonsa, jan layin nan da ke fitowa galibi su ne. Toh da irin dabarar ake farautar AFP, furotin ɗin da ke hauhawa a jinin da yawa daga masu kansar hanta, kuma wlh abin ya shafe mu ganin yadda ciwon hanta nau'in B ya yi katutu a Arewa. Ɗalibai 'yan'uwa masu furojet, ku sa ido kan kala, ita za ta gaya muku komai.

Fara da wanke kwalabe tas, ɗan datti kaɗan ya isa ya ɓata aikin. Ka tafasa ruwan gishirin zinare kana juyawa, sai ka zuba sodiyam sitiret lokaci guda, hanyar Turkevich kenan tun 1951. Ruwan ɗorawa ne da farko, zai washe, ya yi duhu, can sai ya koma ja kamar zoɓo, in ka auna a na'ura za ka ga ya fi shan haske wajen nanomita 520. Sitiret da yawa ƙananan ƙwayoyi, kaɗan kuma manya, masu haɗa tsinke sun fi son ƙwayoyi masu girman wajen nanomita 40.

Manna wa ƙwayoyin antibodi, wato furotin ɗin garkuwar jiki da zai kama AFP, shi ne inda ake shan wuya. Gyara pH, wato ma'aunin tsamin ruwan, zuwa 8 ko 9, ka raba ruwan a ƙananan kwalabe, kowacce ka sa mata antibodin AFP gwargwado daban, ka ɗan jira sannan ka ɗiga ruwan gishiri, wadda antibodinta bai isa ba ƙwayoyin za su cure ta koma shuɗi-shuɗi, wadda ta tsaya a ja da mafi ƙarancin antibodi ita ce ma'auninka. Dan Allah kar ka tsallake wannan, antibodi tsada gare shi. Daga nan ka toshe sauran gurbin da ke jikin ƙwayoyin da BSA (furotin na jinin shanu), ka wanke a santirifuj (na'ura mai juyi da gudu), ka busar a kan fad, wato ɗan ƙyallen da ke riƙe ƙwayoyin a jikin tsinken.

A takardar naitiroselulos layi biyu za ka ja, na farko layin gwaji mai ɗauke da wani antibodin da ke kama AFP ta wani gefen, na biyu na kwanturol mai nuna tsinken ya yi aiki. Haɗa fad ɗin da takardar, ɗiga ruwan jini, jira kamar minti 15. In layin kwanturol bai fito ba jefar da tsinken kawai. In kuma AFP ya yi mugun yawa layin gwajin kan dusashe, sai a sirka samfurin a sake.

AFP fa yana hawa ga mai juna biyu da mai kumburin hanta, wasu masu kansar kuma nasu bai hawa sam, don haka ko layi ya fito ko bai fito ba, mai ciwon hanta nau'in B sai ya je likita ya haɗa masa da sikanin.