Kurakuran da Sababbin 'Yan Kallo Ke Yi a Filin Besbol na Ƙananan Ƙungiyoyin Amurka

Wanda ya saba da ƙwallon ƙafa yakan shiga filin besbol na ƙaramar ƙungiya da tunanin cewa cin wasa ne gaban kowa. Daga nan yawancin kurakurai ke farawa. Tun 2021 ƙananan ƙungiyoyin da ke ƙarƙashin MLB, babbar gasar besbol ta Amurka, guda 120 ne, a matakai huɗu, kuma kowace tana jingine da ɗaya daga cikin manyan ƙungiyoyi 30. Babbar ce ke biyan 'yan wasa da masu horarwa, ita ke cewa wane ya buga, wane ya huta. Masu filin kuwa tikiti da abinci da nishaɗin yamma suke sayarwa. Durham Bulls ta jihar Karolina ta Arewa, wadda za mu riƙa misali da ita, tana mataki mafi girma, Triple-A, kuma tun 1998 take renon 'yan wasan babbar ƙungiyar Tampa Bay Rays.

Don haka idan ka ga an cire mai jifa, wato wanda ke jefa wa mai duka ƙwallo, yana tsaka da ƙoƙari, kada ka yi ta zagin koci. An ƙayyade masa adadin jifa daga sama don kada a lalata masa hannu. Haka nan sayen tikiti mako biyu kafin wasa saboda ɗan wasa ɗaya caca ce, domin ana iya kiransa babbar ƙungiya da daddare, gari ya waye ba ya garin. Idan mai jifa kake son gani, ka sani sau ɗaya yake fara wasa a kwana biyar ko shida, sai ka duba shafin ƙungiyar ana gobe wasa kafin ka biya. Abin yana da ɗaya fuskar mai daɗi: tauraron babbar gasa da ya ji rauni akan turo shi nan ya warware jiki, har kwana 20, mai jifa kuma har 30, ka gan shi kusa da kai da kuɗi kaɗan.

Zaɓen kujera ya fi komai ɓata wa mutane yamma. Galibin filaye an gina su ne yadda mai dukan ƙwallo zai fuskanci gabas ko arewa maso gabas, don haka rana na faɗuwa ta bayan zango na uku, wato tashar da ke hagun mai duka cikin tashoshin da ɗan wasa ke zagayawa da gudu. Masu zama a wannan ɓangaren su ke fara samun inuwa, na ɓangaren zango na ɗaya da ke dama kuwa rana ce a idonsu har ta faɗi. Ba kowane fili ke bin wannan tsari ba, saboda haka tambayi mai sayar da tikiti kai tsaye: wane ɓangare ne ke da inuwa? A wasan rana na watan Yuli, layukan sama da ke ƙarƙashin rumfa sun fi layin gaba daraja nesa ba kusa ba, ko da na gaban ya fi tsada. Wasu filayen suna da tudun ciyawa a bayan katanga, mai araha, inda yara ke sakewa. Can tabarma ko bargo ake shimfiɗawa, kuma sau da yawa ba a yarda da kujerar naɗewa.

Sai kuskuren da ke kai mutum asibiti. Ƙwallon besbol nauyinta giram 142 zuwa 149, tauri kamar dutse, kuma idan ta kauce daga sanda tana iya shiga cikin jama'a da gudun da ya wuce kilomita 150 a awa. An faɗaɗa ragar kariya a 'yan shekarun nan, amma wadda ta yi sama tana tsallake raga ta faɗo. Ƙa'idar mai sauƙi ce: muddin mai jifa ya ɗaga ƙafa, ido na kan mai duka, ba kan waya ba. Mai yara ya zauna ta ɓangaren da ƙwallo za ta fito, yaron a ɗaya gefen. Ƙwallon da ta shigo wurin zama taka ce, ba wanda zai karɓe, kodayake babba ya ture yaro don ya ɗauka abin kunya ne, kuma jama'a ba sa ɓoye ihunsu. Wadda take cikin fili kuwa, miƙa hannu ta saman shinge a taɓa ta laifi ne da ake fitar da mutum a kansa. Haka kuma ba a tashi ana ratsa layi lokacin da ake jifa, a jira a fitar da mai duka ko a sauya gefe.

Lokaci ma yana rikita mutane. Wasa zagaye tara ne, a kowanne ƙungiyoyin biyu su yi duka bi da bi, ba minti casa'in ba. Tun da aka sa agogon da ke ƙayyade lokaci tsakanin jifa da jifa a duk matakan a 2022, wasa yakan ɗauki kusan awa biyu da rabi, ba awa uku ba kamar da, don haka wanda ya makara da minti arba'in ya rasa zagaye biyu ko fiye. Ƙofa takan buɗe kamar awa ɗaya kafin farawa, kuma kyautar hula ko riga ta waɗanda suka fara shiga ce kawai. Wannan awar ce ta neman sa hannun 'yan wasa a gefen rumfar bakin fili da suke zama. Riƙe biro, kada ka riƙe alƙalamin maka mai kaurin baki, don tawadarsa tana malalewa a fatar ƙwallo ta dushe. Da an rera taken ƙasa, an rufe wannan babi.

Idan hadari ya taso aka ja tamfol aka rufe fili, kada ka yar da tikiti. Wasa ba ya ƙirguwa sai an kammala zagaye biyar, ko huɗu da rabi idan masu gida ke gaba. Kafin nan tikitinka na nan da ransa, ana musanya shi da na wata rana, amma da wuya a mayar da kuɗi. Da yake ƙungiyoyi biyu kan kara sau shida a jere daga Talata zuwa Lahadi, wasan da ruwa ya hana akan haɗa shi da na wata ranar, kowanne zagaye bakwai.

Batun abinci sai Musulmi ya buɗe ido. Gashin da Karolina ta Arewa ta yi suna da shi naman alade ne, kuma tsiran da ake sawa a burodi sau da yawa gauraye yake da alade sai an rubuta cewa zallan naman shanu ne. Gyaɗa da gugguru da soyayyen dankali sun fi sauƙin sha'ani. Filaye da yawa sun daina karɓar tsabar kuɗi sai kati, tikiti yana cikin waya, babbar jaka kuma ana mayar da ita daga ƙofa. Ga magariba: a watan Yuni rana na faɗuwa a Durham wajen ƙarfe 8:30, tsakiyar wasan dare ke nan, kuma filaye da dama ba sa barin wanda ya fita ya dawo. Yi alwala tun daga gida, ka je teburin kula da baƙi da zarar ka shiga, ka nemi su nuna maka wuri mai shiru.

Abu na ƙarshe, kada ka ɗauka tsakanin zagaye lokacin banza ne. Nan ake tseren yara da cilla riguna cikin jama'a, a tsakiyar zagaye na bakwai kuma kowa ya miƙe a yi waƙa tare. A filin Durham, wanda aka buɗe a 1995 mai cin mutum 10,000, akwai hoton ƙaton bijimi a saman shuɗiyar katangar hagu mai tsayin ƙafa 32. Idan ɗan gida ya doka ƙwallo ta fice daga fili, idanunsa su yi ja, hayaƙi ya fito ta hancinsa, jela na kaɗawa. A daren da aka sanar da wasan tartsatsin wuta, sai an gama wasa ake harbawa, don haka mai gudun cunkoson motoci da ya fita a zagaye na takwas a madubin mota zai hango shi.